Anilin: Halinsa, Amfaninsa, Da Yadda Ake Kiyaye Sharrinsa

Tsakanin auduga da riga akwai zare. Wanda ya shiga kasuwa riga yake nema, ba ya tambayar zare, amma ba don zaren ba da ba a yi rigar ba. To, haka abin yake a masana'antun haɗa sinadarai. Akwai kayan farko da ake tonowa daga ƙasa, irin su kwal da ɗanyen mai. Akwai kayan ƙarshe da suke isowa hannunmu, irin su magani da galura da takalmi. A tsakaninsu kuma akwai waɗansu sinadarai da ba a yi su don a sha ko a shafa ko a sayar wa mutanen gari ba, an yi su ne kawai don a sake juya su su zama wani abu dabam. Su ake kira sinadaran tsakiya. Wannan 'yar takarda a kan ɗaya daga cikin manyansu take, shi ne anilin.

Mai karatu yana iya cewa, to ni ina ruwana da abin da ba a sayarwa a kanti? Ruwanka yana nan. 'Ya'yanmu da ke karatun kimiyya a jami'o'i da kwalejoji suna buɗe kwalabarsa a ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikatan sito da 'yan dako da direbobin manyan motoci suna ɗaukar gangunan sinadarai ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Gangunan nan kuwa, in an gama da su, sau da yawa a gidajenmu suke ƙarewa.

Kamanninsa

Anilin ruwa ne mai maiƙo. Sabo ba shi da launi, amma in ya sha iska da haske sai ya fara yin rawaya, daga nan ya koma ja mai duhu ko ƙasa-ƙasa. Saboda haka kada launi ya ruɗe ka, fari da ja duk abu ɗaya ne, tsufa ne kawai ya bambanta su. Yana da ƙarni irin na kifin da ya fara lalacewa. Yana tafasa a kan digiri 184 a ma'aunin Salshiyas, yana daskarewa a digiri 6 ƙasa da sifiri, wato a ƙasarmu kullum a ruwansa za ka same shi. Ya ɗan fi ruwa nauyi kaɗan, kuma ba ya narkewa a ruwa sosai, abin da bai kai giram 4 ba a cikin mililita 100. Da mai da barasa kuwa yana gaurayuwa sarai, kuma wannan ne ya sa fatar mutum ba ta iya tare shi. In ya ɗumama ya kai wajen digiri 70, tururinsa yana kama wuta in ya sami tartsatsi. Tururin ya fi iska nauyi har ninki uku, don haka ƙasa yake kwanciya, cikin rami da kwata da lungun sito.

Masana suna rubuta shi C6H5NH2. Ma'anar wannan ita ce zobe ne na ƙwayoyin kabon guda shida, irin na wani sinadari da ake kira benzin, an maƙala masa naitirojin ɗaya mai riƙe da haidirojin biyu. Wannan ɗan reshe na naitirojin shi ne sirrin anilin duka. Shi ne ya sa zoben, wanda a benzin yake da taurin kai, ya zama mai saurin karɓar baƙo. Asid ya zo, ya kama. Wani sinadari ya zo, ya haɗu da shi su haifi sabon abu. Ka riƙe wannan da kyau, domin saurin haɗuwar nan da masana'antu suke so shi ne ainihin abin da yake ɓata jinin ɗan Adam.

Daga baba aka fara samunsa

Tarihin anilin ya shafi Bahaushe fiye da yadda yawancinmu muka sani. A shekarar 1826 wani Bajamushe mai suna Otto Unverdorben ya ƙona shuni a rufaffen mazubi, ya tara ruwan da ya tsatso. Shunin nan shi ne dai wanda marina suke samu daga ganyen baba. A 1834 Friedlieb Runge ya tsamo wani ruwa daga kwaltar kwal. A 1840 Carl Fritzsche ya dafa shuni da ƙaƙƙarfan ruwan toka, ya sami nasa, shi ne ya raɗa masa suna anilin. A 1842 wani Barashe, Nikolai Zinin, ya haɗa shi ta wata hanya dabam. Kowannensu yana tsammanin sabon abu ya gano, sai a 1843 August Hofmann ya tabbatar cewa duk su huɗun abu ɗaya suka riƙe.

A lokacin nan Kano tana tashen rini. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo birnin a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Karofi yana ko'ina, a birni da ƙauyuka, mabuga suna ta bugu, turkuɗin Kura yana tafiya wurin Abzinawa. Babu wanda zai yi zaton abin da waɗansu Turawa suke dafawa a 'yan kwalabe zai taɓa wannan sana'a.

Shekara biyar bayan zuwan Barth, wato 1856, wani saurayi ɗan shekara 18 a London, William Perkin, almajirin Hofmann, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Kwinin bai samu ba. Abin da ya samu daga gurɓataccen anilin baƙin dagwalo ne a gindin kwalaba, da ya zo wankewa da barasa sai ya ga ruwan ya koma shunayya mai kyau, yana kuma kama siliki ba ya zuba. Yaron ya bar makaranta, ya buɗe masana'anta a shekara mai zuwa, matan Ingila da Faransa suka yi ca a kan launin. Daga nan ƙofa ta buɗe: ja, kore, ruwan hoda, baƙi, duk aka riƙa fitar da su daga kwaltar da a da zubarwa ake yi. Galurar da ta cika kasuwanninmu daga baya jikar wannan aiki ce.

Jamusawa ne suka fi kowa cin moriyar abin. Kamfanin BASF, wanda aka kafa a 1865, har a cikin sunansa akwai anilin. Babban burinsu shi ne shuni, sarkin rini. Adolf von Baeyer ya gano ginin ƙwayarsa, ya kuma haɗa shi a ɗakin gwaji, amma sai da aka shafe kusan shekara ashirin ana zuba kuɗi kafin a sami hanyar da za ta biya. A 1897 shunin masana'anta ya shiga kasuwa, a 1901 kuma Johannes Pfleger ya gyara hanyar yinsa daga anilin har ya yi araha. A 1897 ɗin duniya tana samun wajen tan 19,000 na shuni daga ganye, yawanci daga Indiya. Kafin 1914 abin ya faɗo zuwa wajen tan 1,000. Manoman baba na Indiya su suka fara ji a jikinsu. Namu marina sun daɗe suna jurewa, don mai sayen turkuɗi ya san ƙamshi da ƙyallin na karofi, amma duk wanda ya san yawan matattun karofin da ke ƙasar Kano ya san inda aka kwana. Karofin Ƙofar Mata yana nan yana aiki, sai dai marina da yawa yau da garin shuni na kanti da soda suke rini. Ba na cewa anilin kaɗai ya jawo wannan, akwai yadin Turai mai araha da canjin ado, amma yana cikin manyan dalilai.

Yadda ake yinsa yau, da abin da ake yi da shi

Yanzu ba daga baba ake samunsa ba. Ana ɗaukar benzin, wanda ake fitarwa daga man fetur, a haɗa shi da asid iri biyu, na naitirik da na salfa, ya zama naitirobenzin. Shi kuma a busa masa iskar haidirojin da zafi a kan wani ƙarfe mai hanzarta aiki, sai ya koma anilin da ruwa. Miliyoyin tan ake yi kowace shekara, a Sin da Turai da Amurka. Aikin ba wasa ba ne. Ranar 13 ga Nuwamba, 2005, sashen yin anilin na wata masana'anta a birnin Jilin na ƙasar Sin ya fashe, wajen tan 100 na benzin da naitirobenzin suka kwarara cikin kogin Songhua, har aka rufe wa birnin Harbin mai miliyoyin mutane famfo na kwanaki.

Mafi yawan anilin na duniya ba rini yake tafiya ba. Ana haɗa shi da fomalin da wata iska mai guba da ake kira fosjin, a sami wani sinadarin tsakiya na biyu, MDI, wanda da shi ake yin roba mai kumfa da Otto Bayer ya ƙago a 1937. Busasshen soson nan mai ruwan ƙwai da ke cikin bangon firji da kular ƙanƙara, da tafin takalma da yawa, da gam ɗin da ke riƙe allon garin katako, duk daga nan suke. Tayar mota ma tana da rabonta: tun 1906 George Oenslager ya gano cewa anilin yana gaggauta dahuwar roba, amma saboda gubarsa aka koma ga 'ya'yansa, kuma daga cikinsu ne ake yin abin da ke hana taya tsagewa a rana. Waɗansu magungunan ciyawa da manoman shinkafa suka sani, irin su butakulo da furofanil, daga danginsa ake haɗa su. Shuɗin wandon jins kuwa shunin Pfleger ne.

Ta wajen magani, labarin yana da daɗin ji. A 1886 likitoci biyu a Strasbourg suka gano cewa asetanilid, wanda ake yi daga anilin, yana saukar da zazzaɓi. Aka daɗe ana sha, sai dai yana sa leɓen waɗansu ya yi shuɗi. A 1948 Bernard Brodie da Julius Axelrod suka nuna cewa jiki yana juya shi ne zuwa wani abu, kuma wannan abin shi ke kashe ciwon: farasitamol ke nan. Magungunan salfa, waɗanda Gerhard Domagk ya buɗe hanyarsu da wani jan rini a 1932, su ma 'yan gidan ne. Amma a lura, kasancewar magani ya fito daga dangin anilin ba ya nufin akwai anilin a cikinsa, an riga an juya shi ya zama wani abu. Hatsarin yana wurin ɗanyen.

Yadda yake cutarwa

Guba da yawa sai an sha ko an shaƙa. Anilin yana shiga ta waɗannan hanyoyi biyu, amma babbar ƙofarsa fata ce, lafiyayyar fata ma da ba ta da ko ƙwarzane. Ba ya ƙuna irin ta asid da zai sa mutum ya yi tsalle ya nemi ruwa. Ya zuba a hannun riga, ma'aikaci ya goge ya ci gaba da aiki, shi kuwa yana ta ratsawa. Zafi da gumi suna ƙara masa sauri, abin da ya kamata mu mutanen ƙasar zafi mu yi la'akari da shi.

In ya shiga jini sai ya isa hanta, hanta ta juya shi zuwa wani abu da ya fi shi sharri. Wannan abin yana afka wa ƙarfen da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi, ya canza shi ya kasa ɗauka. Mutum yana numfashi lafiya lau, huhunsa cike da iska, amma jikinsa yana shaƙewa daga ciki. Da yake sai hanta ta yi nata aikin tukuna, alamun suna iya jinkiri na sa'o'i. Mutum ya tashi aiki garau, sai da dare a gida abin ya bayyana, iyali su ce iska ce ko jifa.

In kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jinin ya ɓaci, sai shuɗi ya fito. Littattafan Turawa suna cewa fata tana yin shuɗi. A jikin baƙin mutum ba za ka ga wannan da sauƙi ba. Ka duba cikin leɓe, da harshe, da dasashi, da ƙarƙashin farce, da tafin hannu. Abin mamaki, a wannan mataki mutumin yakan ce shi lafiyarsa ƙalau, wani ma har da fara'a kamar wanda ya ɗan bugu. In ya haura kashi 30 sai ciwon kai da jiri da kasala da bugun zuciya. Sama da kashi 50, suma da farfaɗiya. Wajen kashi 70, mutuwa. Jinin da aka ɗiba ba ja yake fitowa ba, ƙasa-ƙasa ne mai duhu. Giya tana ƙara tsananta shi. Bayan kwanaki kuma jajayen ƙwayoyin suna iya farfashewa, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta wahala.

Kaɗan ya isa ya kama ƙaramin jiki. A 1886 wani likita a Ingila ya ba da rahoton jarirai sabbin haihuwa da suka yi shuɗi, da aka bincika sai aka tarar tawadar da aka buga wa ƙyallayensu hatimi da ita ce mai anilin, ba a wanke ba aka ɗaura musu. An kuma sha samun waɗanda suka kamu saboda sun sa takalmin da aka rina baƙi bai bushe ba.

Akwai kuma cutar da ke zuwa a hankali. A 1895 wani likitan fiɗa a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura ciwon dajin mafitsara ya yi yawa tsakanin ma'aikatan masana'antar rini. Daga baya aka gane cewa waɗansu 'yan'uwan anilin, irin su benzidin, su ne suka fi laifi. Duk da haka a 2020 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa anilin kansa cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo daji.

Kiyayewa

Ka'ida ta fari, kada ya taɓa fata. Siririyar safar hannu irin ta asibiti ba ta tare shi, ratsa ta yake yi. Mai kauri ta robar butil ake so, da tabarau, da rigar aiki mai dogon hannu, da takalmin roba. Takalmin fata da bel da maɗaurin agogo in sun jiƙa da shi ba su wankuwa, zubarwa ake yi, kome tsadarsu. Takunkumin ƙura ba ya hana tururi. Ɗalibi ya buɗe kwalabar a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, kada kuma ya kuskura ya ja shi da baki ta bututu, ko da ya ga wani tsohon ma'aikaci yana yi. Wari ba abin dogara ba ne, hanci yana sabawa. A wurin aiki ba a cin abinci, ba a cin goro, ba a shan taba, kayan aiki kuma ba a kai su gida a haɗa da wankin yara.

Ajiya a wuri mai sanyi, mai duhu, mai shan iska, a rufe ruf, nesa da wuta, da suna a jiki. A raba shi da asid mai ƙarfi: anilin da tsantsar asid na naitirik in sun haɗu wuta suke kamawa da kansu ba ashana, har an yi amfani da su wajen harba roka a Amurka a shekarun 1940. Direba ya duba jikin ganga. In ya ga lamba 1547 da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, anilin ya ɗauko, kada ya ɗora buhun abinci ko fasinja a kai. In ya zube, a kori mutane, a tsaya ta inda iska ke tahowa, a zuba yashi ya tsotse, a kwashe cikin mazubi mai murfi. Kada a kora shi da ruwa cikin kwata, yana kashe kifi, yana iya kaiwa ga rijiya.

In ya zuba wa mutum, a tuɓe masa tufafin nan take, ba maganar kunya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu na aƙalla minti 15, har kai da cikin kunne da ƙarƙashin farce. Mai taimako ya kare nasa hannun. In sha ya yi, kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja. A kai shi asibiti ko da yana rantsuwa lafiyarsa lau, a kuma tafi da sunan sinadarin a rubuce. Maganin da likita yake bayarwa ta jijiya shi ma rini ne, shuɗin metilin, wanda Heinrich Caro ya haɗa a 1876 daga wani ɗan anilin. Sai dai akwai wani rashi na gado a jajayen ƙwayoyin jini da likitoci suke kira G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Mai wannan rashi allurar ba ta yi masa aiki sosai, tana ma iya farfasa masa jini, sai a nemi wata hanya. Duk wanda zai yi aiki da anilin ya kamata a auna shi tun kafin ya fara, ya san matsayinsa.

A gida da kasuwa

Mata suna da nasu rabon a wannan gargaɗi. Baƙin dayis da ake sa wa gashi, ake kuma zana ƙunshi da shi, yakan ƙunshi wani ɗan'uwan anilin da ake kira PPD. Ga waɗansu yana tayar da ƙuraje da ƙuna a daidai zanen, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, karo na biyu ya fi muni. In yaro ya sha, wuya da harshe suna kumbura har numfashi ya toshe, ƙoda ta tsaya. Asibitocin Sudan sun ga irin wannan da yawa. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma a zuba shi a kofi ko robar lemo.

Sai kuma abinci. A ƙasar Sifen an taɓa yarda a shigo da wani man girki mai araha don aikin masana'anta kawai, aka zuba masa kashi 2 cikin ɗari na anilin don kada a ci. Waɗansu 'yan kasuwa suka tace shi, launi da wari suka tafi, suka ba 'yan talla suna yawo da shi unguwannin talakawa cikin jarkoki marasa suna a matsayin man zaitun. A 1981 mutum wajen 20,000 suka kwanta, fiye da 300 suka mutu cikin shekarar farko, da yawa suka nakasa har ƙarshen ransu. Araha ba ta ado. Man da ba shi da suna, ba shi da lambar NAFDAC, farashinsa kuma ya faɗi ƙasa da na kowa, a tambayi inda ya fito.

Gangar da aka taɓa zuba anilin ko wani sinadari mai alamar ƙoƙon kai ba ta zama randa, ko an wanke ta sau goma da omo, domin roba tana tsotse shi ta riƙa sakinsa a hankali. Ba a tara ruwan sha a ciki, ba a jiƙa gero, ba a zuba man gyaɗa, ba a yanka ta a yi wa dabbobi kwami. Mai masana'anta shi ke da alhakin huda gindinta kafin ta fita daga ƙofarsa, in kuwa bai yi ba, ma'aikacin da ya san abin da ke ciki ya gaya wa mai saye.